Daga Samaru zuwa Ƙofar Fada: hanyar da ta tara komai amma ba ta haɗa kowa ba

Akwai biranen da titi ɗaya tak ke riƙe da sunansu. Wanda ya je Alƙahira bai taka titin Al-Mu'izz ba, Misirawa za su ce masa da saura. Tsawonsa bai wuce kilomita 1 da ɗoriya ba, daga Babul Futuh zuwa Babu Zuwaila, amma masallatai da madarasu da hubbaren sarakuna da asibitin da Sarki Ƙalawun ya gina a shekarun 1280 duk suna jere a bakinsa, wannan na jingine da wancan. Paris tana da Champs-Élysées mai kusan kilomita 2. A New York kuwa wani yanki ne na Fifth Avenue inda gidajen adana kayan tarihi da na zane suka yi sahu, har akan ware wani yammaci a watan Yuni a hana motoci bi, a buɗe ƙofofin gidajen kowa ya shiga kyauta.

To Zariya fa, garin da ake wa laƙabi da birnin ilimi? Mutum zai yi saurin cewa ba mu da irin wannan. Ni a ganina muna da shi, kullum ma a kansa muke, sai dai ba mu taɓa ɗaukarsa abu ɗaya ba. Ina nufin hanyar da ta taso daga Samaru, ta bi ta gaban kwalejin koyon tuƙin jirgin sama a Palladan, ta wuce gadar Kwangila, ta bi gefen barikin soja zuwa PZ, ta haye Kubanni ta faɗa Tudun Wada, ta shiga birni ta Ƙofar Doka, ta wuce Babban Dodo, ta tsaya a ƙofar fadar Sarkin Zazzau. Ta haura kilomita 10 sosai, kuma sunanta ma sauyawa yake yi daga unguwa zuwa unguwa. In aka lissafa abin da ke bakinta da abin da ke ɗan ratse kaɗan daga gare ta, da wuya a samu hanyar da ta kai ta a duk Arewa. Amma ba ka taɓa jin Bazazzagi ya ce wa baƙonsa ya zo ya zagaya da shi ita. Dalilin yana cikin yadda aka dasa kowane wuri, kuma ba a gane shi sai an fara daga fada an juyo baya.

Birnin Hausa na da bai rasa tsari ba. Tun kafin zuwan Turawa akwai inda gari ke tattara martabarsa, wato filin ƙofar fada. Ga fada, ga masallacin Juma'a kusa da ita, alƙali bai yi nisa ba, kasuwa kuma ƙafa ke kai mutum. Ganuwa ta kewaye gari, hanyoyi suka taso daga ƙofofi irin su Doka da Gayan da Kuyambana da Kona da Kibo da Tukur-Tukur suna neman tsakiya. Haka Zariya take tun zamanin sarakunan Haɓe, zamanin da sunan Sarauniya Amina ya fi na kowa tashe a cikinsa. Da masu jihadi suka karɓi garin a farkon ƙarni na 19 ƙarƙashin Malam Musa, Sarki Makau ya yi kudu da jama'arsa, zuriyar gidan suka kafa Abujar farko wadda yau ake kira Suleja. Sababbin sarakunan ba su rushe tsarin da suka tarar ba, ƙara masa suka yi. Gidajen sarauta huɗu, Mallawa da Barebari da Katsinawa da Sulluɓawa, kowanne ya bar gidaje da soraye a cikin birni.

Babban abin da aka ƙara shi ne masallacin Juma'a da aka gina a zamanin Sarki Abdulkarim, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Maginin, Muhammadu Durugu, shi aka fi sani da Babban Gwani, kuma har yau akwai unguwa mai wannan suna. Ya kamata a ɗan dakata a kan aikinsa, domin da yawa sun yi salla a wurin shekara da shekaru ba su taɓa ɗaga kai sun duba ba. Babbar matsalar magini a ƙasar Hausa ita ce rufi. Azara, wadda ake tsagowa daga giginya, gara ba ta damunta, amma in aka shimfiɗa ta a faɗin da ya wuce kimanin mita 2 aka ɗora mata ƙasa, sai ta lanƙwashe. Shi ya sa ɗakunan da ba su cika faɗi ba. Dabarar da magina suka samo ita ce bakan gizo. A dasa azara cikin bango ko ginshiƙi tana ɗan karkata, a ɗaure wata a kanta ta ƙara miƙawa gaba, a sake ɗaure wata, daga wannan gefe da wancan, har su gamu a sama, sannan a lulluɓe su da ƙasa a shafe. In bakuna suka gitta juna sai su ɗauki tulluwa. Babban Gwani ya kai wannan dabara inda ba a taɓa kai ta ba. Ginshiƙai masu kauri, kowanne da zanen da aka fitar da hannu tun ƙasar tana ɗanya, bakuna suna tashi daga jikinsu suna rarrabuwa, a sama kuma gutattakin azara an jera su a saƙe. Babu siminti, babu ƙarfe. Ga ɗakin shari'a a haɗe da masallacin, ga zaurukan shiga inda ake alwala. Masanan da suka yi rubutu a kan ginin ƙasa a Afirka, da wuya ka ga wanda ya tsallake shi.

Abin da ya samu masallacin daga baya ya nuna irin riƙon da muke wa waɗannan wurare. A shekarun 1970 aka faɗaɗa shi, aka kewaye tsohon ginin da sabo na siminti. Cikin ya tsira a lokacin, siffar waje ta ɓace. Mai son ganin yadda yake a asali sai ya tafi Jos, inda aka gina kwafinsa a gidan tarihin gine-ginen gargajiya na Najeriya, aikin da wani masanin gini ɗan ƙasar Poland, Zbigniew Dmochowski, ya jagoranta. Wato Bazazzagi ya hau mota har Filato don ya ga masallacin garinsu. Sai kuma ranar Juma'a 11 ga Agustan 2023, ana cikin sallar la'asar, wani sashe na rufin ya rufto, mutane da dama suka riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu da rahama. Ginin ƙasa yana son yaɓe da duba indararo duk shekara kafin damina ta sauka, masu wannan sana'a kuwa ƙarewa suke yi, 'ya'yansu sun koma bulo.

Akwai kuma cibiyoyin da ba su da allon suna a ƙofa. Sunan Zariya a fagen ilimi bai fara da boko ba. Tun da daɗewa masu neman ilimi ke zuwa daga nesa don karatun nahawu da lugga da fiƙihu a zaurukan malamai na unguwanni irin su Kona da Juma. Tabarma ce da buzu, malam na jingine da bango, ɗalibai kowa da littafinsa, wanda layi ya zo kansa ya ja baƙi a fassara masa. Ba takardar shaida, ba bikin yaye ɗalibai, amma an fi ƙarni ana yi. Haka ɗinkin hannu. Bi lungunan birni da hantsi, za ka ga maza zaune a dakali, riga shimfiɗe a cinya, ana fitar da aska biyu ko aska takwas da allura, zare bayan zare, riga ɗaya ta ci makonni ko watanni. Sarki Aliyu Ɗan Sidi da ya hau gado a 1903 marubucin waƙa ne da har yanzu ake nazarinsa a jami'o'i, Aliyu Namangi ma a ƙasar nan ya yi rayuwarsa. Wannan duk al'ada ce mai rai, amma ba irin wadda ake sayen tikiti a shiga kallo ba, kuma duk shirin da ya manta da haka a fentin bango zai ƙare.

Daga Ƙofar Doka zuwa waje labarin ya sauya, domin daga nan hannun Turawa ne. Sun kama Zariya a 1902. Ba su zauna cikin birni ba, ba su kuma so baƙi su zauna ba. Mulkin da Lugard ya tsara ya dogara ne ga sarakuna, don haka aka ga ya fi sauƙi a bar birni yadda yake a hannun sarki da alƙalansa, duk wani sabon abu a kai shi bayan ganuwa. Da jirgin ƙasa ya iso wajen 1911 kan hanyarsa ta zuwa Kano, tasha ta zauna a hayin Kubanni, can nesa da fada. Ma'aikatan reluwe da akawuna da 'yan kasuwa daga Kudu aka yanka musu Sabon Gari. 'Yan Arewa da ba 'yan birni ba, leburori da masu neman aiki, aka ba su Tudun Wada. Turawa suka keɓe wa kansu unguwar da muke kira GRA, kuma ƙa'idar da aka bi a garuruwan mulkin mallaka, wadda dokar garuruwa ta 1917 ta ƙarfafa, ita ce a bar fili na yadi 440 babu gini tsakaninsu da 'yan ƙasa, wai don gudun sauro da zazzaɓi. Kamfanonin sayen auduga da gyaɗa da fatu suka kafa kantuna kusa da tasha, ɗaya daga cikinsu, Paterson Zochonis, shi ya bar wa wurin sunan PZ. Soja ma suka samu nasu rabon: wurin horas da kurata tun 1924, makarantar yara ta soja a 1954. Ka ga ke nan garuruwa huɗu ko biyar ne aka dasa da gangan nesa da juna, kowanne da irin mutanensa da mai kula da shi. Hanyar kuwa aikinta ɗaya, ta ɗauke mutum daga wannan ta sauke shi a wancan.

Wusasa ta fi kowane wuri nuna wannan siyasa. Likita Walter Miller na mishan ɗin CMS ya zauna cikin birnin Zariya tun 1905 yana magani yana koyarwa. Zaman bai kwanta wa masarauta da gwamnati ba, ƙarshe aka mayar da mishan ɗin bayan gari, kusa da dutsen Kufena, a ƙarshen shekarun 1920. Cocin St. Bartholomew da aka gina a can a 1929 da ƙasa aka yi shi, da bakan gizo, aikin maginan Hausa. Makarantar wurin ta fitar da mutane irin su Yakubu Gowon da Farfesa Ishaya Audu. Dabarar gini ɗaya ce ta tashi cocin da masallacin Juma'a, amma in ba ɗalibin zanen gine-gine ba, da wuya ka samu wanda ya taɓa leƙa duka biyun.

Wurin da ya fi tsaya mini a rai shi ne Gaskiya, a Tudun Jukun, ɗan ratse kaɗan daga Tudun Wada. Duk wanda ya taɓa karanta Hausar boko ya ci albarkacin wannan yanki, ko ya sani ko bai sani ba. Tun farkon shekarun 1930 Hukumar Fassara, wadda daga baya ta zama Hukumar Talifi, take Zariya ƙarƙashin Dokta Rupert East. Ita ta shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai ta 1933, gasar da ta haifar da littattafan ƙagaggun labarai na farko da aka buga da Hausar boko. A watan Janairun 1939 jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa, Abubakar Imam na editanta, ana sayar da ita kwabo ɗaya. A 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya da injinan ɗab'insa, a 1948 ya ƙara da jaridar Turanci, Nigerian Citizen. Lokacin Yaƙi da Jahilci a shekarun 1950, daga nan hukumar talifi ta Jihar Arewa, NORLA, ta riƙa fitar da ƙananan littattafai da jaridun larduna, ba da Hausa kaɗai ba, har da wasu harsunan Arewa. A 1966 aka kafa kamfanin NNPC na buga littattafai (ba na man fetur ba, kada a ruɗe), shi ya ci gaba da fitar da littattafan da iyayenmu da mu muka karanta a firamare da sakandare. A wata ƙasa da tuni an mayar da wani sashe na wurin gidan tarihin rubutu, ga tsohon inji, ga fitowar farko ta jarida a cikin gilashi, 'yan makaranta na shiga aji-aji. A nan, ga yawancin matasan gari, Gaskiya sunan unguwa ne da ake faɗa wa mai Keke Napep.

A kan titin Gaskiya dai Kwalejin Barewa take. A Katsina aka kafa ta a 1921, ta koma Kaduna a 1938, ta sauka Zariya a 1949. Tafawa Ɓalewa da Gowon da Murtala Muhammad da Shehu Shagari da Umaru Musa 'Yar'aduwa duk sun bi ta cikinta a zamuna daban-daban, ga Sardauna shi ma. A bakin Ƙofar Doka akwai Alhudahuda, wadda tushenta ya koma 1910. A Kongo kuma akwai tsohuwar makarantar horas da akawuna da ta zama Cibiyar Nazarin Mulki a 1954, inda aka horas da ma'aikatan En'e da alƙalai da suka riƙe Arewa lokacin karɓar 'yancin kai.

PZ ita ce cibiyar hanyar, kuma a nan ake ganin halinta. Da yamma ga bankuna, ga masu sayar da waya da kayanta, ga mai jarida da tsofaffin littattafai shimfiɗe a ƙasa an danne su da dutse kada iska ta kwashe. Yaran mota na ta kiran Samaru, masu Keke na kiran Kongo da Sabo, ɗaliba da jakar baya tana ciniki da ɗan acaɓa, malamin jami'a na jiran a ba shi hanya, tela daga birni ɗauke da rigunan da zai aika Kano. Duk garin yana bi ta nan kullum, kuma ba wanda ya zo don wurin. Kowa wucewa yake.

Samaru ma noma ne ya fara kai gwamnati can, ba karatu ba. A 1922 aka kafa tashar binciken aikin gona, saboda auduga da gyaɗa, ita ce uwar cibiyar binciken noma ta yanzu. A shekarun 1950 aka buɗe reshen Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Najeriya a wurin, aka kawo sashen zane daga Ibadan. A nan wani abu ya faru wanda duniya ta fi mu saninsa. A 1958 wasu ɗalibai, cikinsu har da Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiyar zane ta Zariya. Ƙorafinsu shi ne ana koya musu zane irin na Ingila kamar ba su da nasu. Suka ce za su ɗauki kayan aiki da dabarun zamani, su haɗa da zanen gargajiyar ƙasashensu. Ƙungiyar ba ta wuce 1961 ba, amma duk wanda zai ba da tarihin zanen zamani a Najeriya dole ya biyo ta kanta, kuma sunan Zariya ya shiga manyan gidajen zane na duniya ta dalilinsu. Ranar 4 ga Oktoban 1962 Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe, ta haɗiye kwalejin da tashar noma da cibiyar Kongo. Norman Alexander ne shugabanta na farko, Ishaya Audu ya gaje shi a 1966.

A cikin harabar akwai babban ɗakin karatu mai sunan Kashim Ibrahim, akwai tarin rubuce-rubucen Larabci da ajami da masana tarihi suka tattaro daga gidajen malamai, akwai lambun sassaƙe na sashen zane. Akwai kuma dandalin wasan kwaikwayo da wani mai zanen gini Ba'amurke, Steven Ehrlich, ya tsara a tsakiyar shekarun 1970, wanda da ƙasa aka gina shi a kan fasalin gidan Bahaushe, ɗakuna suna kewaye da fili, 'yan kallo da 'yan wasa kusan a haɗe. Wato a lokacin da birni ke lulluɓe ginin Babban Gwani da siminti, Samaru na ɗauko ginin ƙasa tana yin sabon abu da shi. Shekaru kusan ɗaya, gari ɗaya, kowa na nasa. Ba zan ɓoye ba, akwai abin da ba zai taɓa zama ɗaya ba tsakanin ɓangarorin biyu. Dattijon birni ba zai yi tattaki don kallon mutum-mutumi ba, kuma yana da hujjarsa ta addini. Amma rubutun ajamin kakansa da ke ajiye a jami'a fa, ko jikokinsa sun san yana nan?

In aka haɗa wannan duka, za a ga abin da ya raba hanyarmu da su Al-Mu'izz ba ƙarancin kaya ba ne. Na farko nisa. Titunan can ƙafa ke cinye su cikin awa ɗaya ko biyu, mutum ya fito daga wannan gini ya hango na gaba. Namu an shimfiɗa shi ne don a raba, ba mai taka shi a ƙafa sai wanda kuɗin mota ya yanke masa. Sashen Samaru zuwa Kwangila ma babbar hanya ce ta tarayya, tireloli da tankoki masu zuwa Funtuwa da Gusau da Sakkwato nan suke bi, ba wurin yawon shan iska ba ne.

Sai batun mai shi. Jami'a da kwalejin jirgin sama ta 1964 da barikin soja na tarayya ne. Barewa da Alhudahuda na jiha ne. Fada da masallaci na masarauta ne, Wusasa ta coci ce, zaurukan karatu na iyalai ne. Kula da kayan tarihi doka ta ɗora shi a kan hukumar gidajen tarihi ta ƙasa. Ita kanta hanyar ƙananan hukumomi biyu suka raba ta, Samaru da PZ suna Sabon Gari, Tudun Wada da birni suna Zariya. Zaman ya zama irin na kishiyoyi, gida ɗaya, ana gaisawa a tsakar gida, amma kowa da murhunta. Ba wanda aikinsa ne ya kalli hanyar daga farko har ƙarshe, don haka ba wanda za a tambaya.

Ga kuma katanga. Gidajen tarihin da ke kan waɗancan tituna fuskarsu titi take kallo, an gina su ne don a shigo. Namu yawanci makarantu ne da wuraren aiki, an gina su don waɗanda aka ɗauka. Rashin tsaron shekarun nan ya ƙara tsawon katangu da yawan masu gadi, kuma ba mai ganin laifin hukumar da ke tsare ɗalibanta. Sai dai sakamakon shi ne yaro ya tashi a Samaru, bangon jami'a na kallon ƙofar gidansu, ya girma bai taɓa shiga ɗakin nuna zane ba, domin ba wanda ya taɓa ce masa an yarda.

To me zai yiwu? Ban ga amfanin mafarkin mayar da duk hanyar abu ɗaya ba, tarihin da ya shimfiɗa ta ya riga ya yi aikinsa. Abin dubawa shi ne abin da Masar ta yi. Titin Al-Mu'izz shi ma ya taɓa lalacewa, ruwan ƙasa na cin gindin gine-gine, motoci na kutsawa tsakanin masallatai. Bayan tsohuwar Alƙahira ta shiga jerin wuraren tarihi na duniya na hukumar UNESCO a 1979, an ɗauki shekaru ana gyara gini bayan gini, aka gyara magudanan ruwa, aka shimfiɗa dutse, aka sa fitilu, sannan daga 2008 aka taƙaita shigar motoci. Gajeren wuri suka kama, ba duk birnin ba. Kuma ba su rasa masu suka ba, domin akwai masu ganin an fi kula da idon baƙo fiye da masu sana'ar da ke zaune a wurin tun kaka da kakanni.

Gajeren wurinmu a bayyane yake: daga Ƙofar Doka zuwa ƙofar fada. Ƙafa na iya cinye shi. Akwai ragowar ganuwa, akwai tsohuwar makaranta, akwai gidaje masu zane da zankwaye da ba su riga sun faɗi ba, akwai maɗinka, akwai kasuwa, akwai masallaci da fada. Kuma ba sabon abu ba ne a ce a tsayar da motoci a birni don taron jama'a. Duk Sallah ana yi. Ranar hawan Sallah da hawan Daushe, hakimai da dawakai da 'yan bindiga da masu algaita da kakaki sukan cika hanyoyin fada, mutanen Samaru da Sabon Gari da baƙi daga nesa su zo su tsaya tun rana na tsaka. Ashe garin ya san yadda ake yi, sau biyu ne kawai a shekara, kuma a kan doki. Abin da babu shi ne na sauran ranaku: inuwa da wurin tafiyar ƙafa, ɗan allo a jikin gini da Hausa da ajami da Turanci mai faɗin wa ya gina shi da yaushe, matasan unguwa da aka koya wa tarihin don su zagaya da baƙi su samu na kansu, da rana ɗaya a wata da jami'a za ta kawo wani abu daga ajiyarta ta baje a birni maimakon jiran birni ya je.

Inda nake jin tsoro shi ne yadda muka saba fahimtar gyaran gari. Da an ce za a gyara titi, abin da ke zuwa shi ne katafila, a faɗaɗa kwalta, a rushe zauren da ya shigo hanya, a kori mai shayi da mai gyaran takalmi, a dasa fitilu. In aka yi wa wannan yanki haka, an kashe abin da ake son nunawa, domin tsofaffin zaurukan nan da ke cin gefen hanya su ne kayan. Aikin da ya kamata a fara da shi ba ya ɗaukar hoto mai kyau ranar buɗewa: a bi gida-gida a rubuta waɗanda suka rage da ginin ƙasa na asali, a zauna da masu su, a samo maginan gargajiya da suka rage a haɗa su da ɗaliban zanen gine-gine na Samaru, sannan a ware kuɗin yaɓe da gyaran indararo a kasafin kowace shekara kafin watan Mayu. Mai gidan da rufinsa ke yoyo ba zai jira kwamiti ba, kwano zai saya ya buga, kuma in ya yi ba mai ikon ce masa don me.